Rigar Fatar da Na Ɗinka wa Wayar Babur

Sun fasa bangon zaurenmu a watan jiya. Jikokina ne suka yi shawara a tsakaninsu, sai da suka sayo siminti suka jibge a ƙofar gida sannan suka zo wai neman izinina suke yi. Yanzu inda mahaifina ya zauna shekara da shekaru yana yankan fata, ƙofar ƙarfe ce da 'yan kabu-kabu a jere, kowa riƙe da babur ɗinsa yana jira a duba masa. Ban hana ba, don babu mai neman gafaka ko kube yanzu, roba ta cinye sana'armu tun tuni. Sai dai nakan shimfiɗa tabarmata daga gefe ina kallon yadda suke aiki, raina yana ɗan sosuwa. Babur ya ƙi tashi, ba mai tsayawa ya nemi abin da ke damunsa. A cire wannan a jefar a sa sabo, bai tashi ba a cire wancan. Kafin la'asar sun sauya masa rabin ciki, in ya tashi ma ba wanda ya san wanne ne ya warkar da shi. In na sa baki su ce, "Kaka, kai mi ka sani a babur, kai da baduku ne?" Sai in yi dariya in ƙyale su. Ni kuwa na taɓa yin kwana uku a gindin babur guda tun iyayensu ba su zo duniya ba, kuma in bai tashi ba mahaifina za a tafi da shi gidan kaso.

Matameye ta lokacin ƙaramar alƙarya ce, in ka tsaya a bakin kasuwa kana hango gonakin gero ta kowace kusurwa. Ba ƙarar inji ko ɗaya. Da sassafe guga ce ke fara motsi a bakin rijiya, sai luguden mata ya karɓa daga gida zuwa gida, sai jakunan fatake masu zuwa daga Kance ko masu gangarawa Ɗan Barto da kanwa da gyaɗa. In hantsi ya yi maƙera su kama nasu bugun. A zaurenmu kuwa ba a hayaniya, abin da za ka ji kawai shi ne wuƙa tana bin fata a kan katako, da tarin mahaifina jefi-jefi. Mu dukawa ne tun kaka da kakanni. Duk abin da mutum yake ƙauna a garin nan, sai ya kawo mana mun yi masa riga. Alƙur'ani a yi masa gafaka, wuƙa a yi mata kube, madubin amarya, sandar tsoho, har buta in ta samu mai gata. A wurinmu abu in yana zaune tsirara ba fata a jikinsa, to ba a gama shi ba tukuna. Da wannan tunani na tashi, kuma ban taɓa jin wani ya ce akwai abin da bai kamata a rufe ba.

Aikina tun ina ƙarami shi ne rini. Ni ke jiƙa karan dafi a samu ja, ni ke kula da tukunyar kuloko, wato baƙin rinin da muke haɗawa da tarkacen ƙarfen maƙera, a zuba masa ruwan tsamiya a bar shi a bayan ɗaki har ya yi wari. Hannuwana ba su taɓa yin fari ba sai da na tsufa. Da damina kuma ni ke kwashe fatu daga jikin bango in rataye su sama, don mahaifina kullum yana cewa, "Fata ko an jeme ta ba ta daina shan ruwa. In iska ta yi laima ita ma sai ta sha, ko kana gani ko ba ka gani." Mutum ne marar yawan magana, bai iya yabo ba ko kaɗan. In ka kawo masa ɗinki mai kyau sai ya juya shi sau biyu ya ajiye, shi ke nan yabonka. In marar kyau ne ya sa wuƙa ya farke ya miƙo maka. Lokacin da abin nan ya faru na riga na zama saurayi cikakke, an yi mini aure da 'yan watanni, ɗinkina ya fara yin suna a kasuwa, kaina kuma ya fara kumbura. Ba abin da nake so a duniya irin in yi wani aiki da zai sa tsohon nan ya buɗe baki ya ce madalla.

Babur na farko da na taɓa gani wani Bahaushe ne ɗan Damagaram ya shigo da shi, ma'aikacin lamba, wato rigakafin agana da Nasara suka tilasta wa mutane. Muna ce masa Lokotoro, wato likita, ko da yake shi da kansa yana cewa bai kai nan ba. Babur ɗin na gwamnati ne, wani likita Nasara ya gaji da shi aka miƙa masa. Ranar da ya fara shigowa, kaji da awaki da tsofaffi duk hanya guda suka bi. Yana zagaya Kance da Tsauni da ƙauyukan da ke tsakani, a bayansa kuma akwai gardi, irin masu jar hular nan, 'yan sandan kumandan, wato Nasaran da ke mulkin ƙasar, yana binsa a kan doki don ya tattaro masa mutane. Sai an tattaro ɗin, domin mutanenmu ba su son lamba. Da an ji ƙarar babur daga nesa, mata su kwashi 'ya'ya su shige rumbu ko cikin gero. Shi kuwa Lokotoro mutumin kirki ne, mai fara'a, in ya sauka garinmu sai ya zo zaurenmu ya zauna yana hira da mahaifina, yana ce masa Baba.

Wata rana da rani ya turo babur ɗin har ƙofar zaure ya ce, "Baba, wannan dokin nawa tsirara yake. A yi masa kaya irin na mutane." Ai kuwa ya kawo inda ake so. Kwana huɗu muna kansa. Mahaifina ya rufe sirdin da jar fata, ya ɗinka jakar kayan aiki, ya kuma ɗinke wata laya ta tsari da Lokotoro ya karɓo wurin limaminmu, aka rataye ta ƙarƙashin sirdi. Ni na rufe hannuwan babur ɗin, na sa musu tuntaye. Ina cikin aiki sai idona ya faɗa kan wata baƙar waya mai kaurin ɗan yatsa, tsawonta bai wuce kamu biyu ba, ta fito daga wani ɗan akwati ta bi ta jikin ƙarfen babur ta tafi kan inji. Robar da ke jikinta ta fara tsattsagewa don rana. Sai na ji tausayinta. Da mahaifina ya tafi masallaci na yanko fatar akuya mai laushi, na rine ta da kuloko ta yi baƙi ƙirin, na ɗinka wa wayar riga tsaf, ɗinki siriri wanda sai ka sa ido sosai za ka gan shi. Don kada rigar ta riƙa zamewa, sai na yi yadda muke yi wa ƙotar bulala: duk bayan ɗinki biyar in soka basilla ta ɗan kama jikin robar. Ban faɗa wa kowa ba. Jira nake mahaifina ya gano da kansa. Da ya dawo ya duba babur ɗin, na ga idonsa ya tsaya a wurin, ya daɗe, sannan ya wuce bai ce komai ba. Shi kuwa Lokotoro ko lura bai yi ba, ya hau ya tafi yana murna, tuntaye suna kaɗawa.

Duk ranin nan babur yana tafiya lafiya. Sai damina ta faɗi. Lokotoro ya zo ya kwana a garinmu, aka yi ruwa, da safe ya fito zai wuce Tsauni. Ya taka sandar da ake tashinsa da ita, shiru. Ya taka, ya taka, har gumi ya jiƙa masa riga, babur ko tari bai yi ba. Kafin azahar magana ta gama gari, wai baduku ya sa wani abu a layar da ya ɗinke don kada mai lamba ya kai ƙauyuka. Abin da ya fi ɓata lamarin shi ne ba zagin mahaifina ake yi ba, yabonsa ake yi. Wani tsoho daga ƙauye ya zo har zaure da kaza a hannu yana cewa, "Allah shi biya ka, ka tsare mana jikoki." Mahaifina ya kore shi da kazarsa, amma maganar ta riga ta shiga kunnen gardi.

Da la'asar gardin ya zo ya tsaya a ƙofar zaure, ko sallama babu. Ya sa aka farke layar a gaban mutane, liman ya karanta, ayoyi ne na tsari ba wani abu. Bai gamsu ba, don shi ma wuyansa yake tsoro, dole ya samu wanda zai nuna wa kumandan.

"Kai tsoho," ya ce, "wa ya taɓa kayan gwamnati?"

Mahaifina bai ɗaga kai daga fatar da yake yanka ba. "Duk abin da aka ɗinka a jikinsa, hannuna ne."

"To ka ji. Yau Talata. In Juma'a ta yi wannan abu bai tashi ba, igiya zan sa maka har Damagaram, ka yi wa kumandan bayani da bakinka."

Ina tsaye a wurin ina ji. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. A zamanin wanda aka tafi da shi kaso yana ƙarfinsa ma yakan dawo a lalace, balle dattijo mai tari. Amma ko a raina ban kawo cewa rigar wayar nan tana da hannu a ciki ba. Yaya za a yi riga ta kashe abu? Abin da na sani kawai shi ne ba za a ja mahaifina da igiya ina kallo ba. Na je na samu Lokotoro a masaukinsa na ce, "Malam, ka koya mini abin da ka sani a wannan abu. Ni ba zan tashi daga gindinsa ba sai ya yi magana." Ya dube ni kamar zai yi dariya, sai kuma ya fasa. Ya ce shi ma ɗan kaɗan ya sani, wanda direbobin Damagaram suka nuna masa.

Washegari muka fara. Ya ce mini abu uku inji yake so, mai da iska da wuta, in ɗaya ya ɓace to ya mutu, kuma kada a taɓa abu biyu a lokaci guda, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan maganar ta zauna mini, don haka muke bin ɗinki in ya karkace. Muka cire bututun isansi, wato man da yake sha, muka ga yana zuba sarai. Muka duba inda iska ke shiga, muka fitar da gidan zanzaro guda, muka yi murna a banza, don bai tashi ba. Saura wuta. Ya kwance wani abu mai farin wuya daga kan inji, ya ce sunansa buji, shi ke kunna man a ciki. Ya kankare masa baƙi da wuƙata, ya maƙala shi a bakin waya, ya kwantar da shi a jikin ƙarfen inji, ya ce in zuba ido a kan bakinsa. Ya taka. Ban ga komai ba. Ya ɗauko wani buji daga jaka muka gwada, shi ma haka. Sai muka koma ga ɗan akwatin nan da wayar ta fito, manyato yake ce masa, ya ce a nan ake haifar wutar. Muka buɗe murfinsa, akwai wasu ƙananan ƙarafa biyu masu haɗa baki su rabu in inji ya juya. Na goge su da ƙyalle, na bi tsakaninsu da 'yar takarda har ta fito fes. Duk wannan a rana muke yi a ƙofar zaure, yara da manya sun kewaye mu, kowa da shawararsa. Wani ya ce a yi masa turare, wani ya ce a ɗura masa man shanu.

Can bayan azahar, rana ta ƙwalle, Lokotoro ya taka sai babur ya yi tari ya kama. Jama'a suka watse da gudu, ni kuwa na yi tsalle kamar yaro. Ya zagaya kasuwa sau biyu ya dawo. Muka ce gogewar nan ce ta yi magani. Na shiga gida ina taƙama, matata ta zuba mini tuwo na ci har da neman ƙari.

Da safen Alhamis, bayan an ɗan yi yayyafi, ya taka, shiru. Ya sake takawa, ko tari babur bai yi ba. Mutane kuma suka samu abin faɗa, wai ai ga shi nan, baduku yana saki yana kamawa yadda ya ga dama. Gardi ya wuce ta gabanmu yana kaɗa igiyar dokinsa. Lokotoro ya zauna a ƙasa ya dafe kai ya ce shi iyakar saninsa ke nan. Ni na ƙi tashi. Na sake bin komai tun daga farko, mai, iska, buji, manyato, har yatsuna suka yi jini. Sannan na zauna na tambayi kaina, me ya bambanta jiya da azahar da yau da safe? Babu abin da muka taɓa a tsakani. Jiya ya yini a rana, yau ya kwana a laima. To mene ne a jikin ƙarfe da zai damu da laima haka? Sai maganar mahaifina ta faɗo mini, cewa fata ba ta daina shan ruwa. Na kai hannu na taɓa sirdi, ya yi sanyi. Na taɓa rigar wayar, ta yi laushi ta ɗan kumbura. Na ce bari in tabbatar.

Na ce wa Lokotoro ya cire wayar daga jikin manyato. Na sa yatsana a ramin, na ce ya taka. Wayyo! Wuta ta ja ni har kafaɗa, na faɗi zaune, yara suka fashe da dariya. Muka mayar da wayar, na riƙe ɗaya bakin nata, wanda ke zuwa ga buji, na runtse ido, ya taka. Sai ɗan tsikari kamar cizon tururuwa. To wuta tana fitowa da ƙarfinta, amma ba ta isowa, a cikin kamu biyun nan take ɓacewa. Na tura babur cikin zaure, na ɗauko ƙirgi, fatar bijimi guda, na lulluɓe kaina da injin don in samu duhu, na ce ya taka. A nan na gani. Inda wayar ta jingina da ƙarfen babur, wani shuɗin tartsatsi yana tsalle daga jikin rigar ya shige ƙarfe, kuma daga bakin ɗinkina yake fita, daidai wuraren da na soka basilla. Na huda robar da hannuna, na kuma lulluɓe ta da fatar da ta sha ƙarfen kuloko ta ƙoshi, da laima ta zo sai wutar ta samu gajeriyar hanya.

Na daɗe a ƙarƙashin ƙirgin nan ban fito ba. Lokotoro yana tambaya, "Ka ga wani abu?" ni kuwa ina shawara da zuciyata. Ba wanda ya gani sai ni. Ina iya jira kowa ya tafi sallah, in farke rigar in jefa a tukunyar kuloko, in naɗe wayar, gobe babur ya tashi, mahaifina ya tsira, ni ma in tsira. Wallahi na so in yi haka. Amma da na bi maganar zuwa ƙarshenta sai na ga inda za ta kai. In ya tashi ranar Juma'a ba a san dalili ba, gari duka zai ce baduku ya ga igiya ya kwance abin da ya ɗaure. Gardi zai rubuta haka a ransa, ya faɗa a Damagaram. Duk ranar da tayar babur ta sace a ƙasar nan, ƙofarmu za a zo. Kuma mutumin da ya yi shekara arba'in malamai suna ba shi ayoyin Allah ya ɗinke, zai ƙare da sunan mai sammu. Na fito na ce wa Lokotoro, "Na gani. Amma kada ka taɓa komai sai gobe, kuma ka samo mini tsohuwar robar cikin tayar keke wurin Alhajin nan mai zuwa Kano."

Da hantsin Juma'a gardi ya zo da igiyarsa, mai gari da liman da rabin kasuwa suna biye. Mahaifina ya riga ya sa rigarsa ta fita, ya zauna yana jira. Na yayyafa wa wayar ruwa a gaban kowa, na ce wa gardi, "Ranka shi daɗe, kafin ka ɗaure kowa, shigo ka ga mai laifin da idonka." Ya yi tsaki, amma son gani ya fi ƙarfinsa. Ya cire jar hularsa ya sa kai ƙarƙashin ƙirgi, Lokotoro ya taka. Gardin ya fito da sauri yana salati. Mai gari ya shiga ya gani, liman ma ya gani.

Na sa wuƙa na farke rigar, na ɗaga ta sama, na nuna musu ramukan da ke jikin robar a jere. Na ce, "Wannan ba laya ba ce, ba sammu ba ne. Basilla ce. Kuma ba mahaifina ya ɗinka ba, ni na ɗinka yana masallaci. Duk wanda ya san ɗinki a garin nan ya duba, zai gane hannuna."

"Kai, rufe mana baki," in ji mahaifina. "Na ce hannuna ne."

"Baba, ka gafarce ni, yau kam ba zan rufe ba."

Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Na juya na kama aiki don kada in ga fuskarsa. Na goge wayar na shanya ta ta bushe, na cike ramukan da kakin zuma, na yanka robar keke siri-siri na naɗe ta hawa uku, na ɗaure ta nesa da jikin ƙarfe. Sannan na ɗebi ruwa a buta na kwara mata, don kada wani ya ce rana ce ta yi aikin. Lokotoro ya yi bisimilla ya taka. Taku na farko ya yi tari. Na biyu ya kama da wata irin ƙara da ta cika zauren, ƙura tana zubowa daga rufi. Ban yi tsalle ba wannan karon, jingina kawai na yi da bango.

Gardi ya jira ƙarar ta lafa sannan ya ce to ya gani, tsoho ba shi da laifi. Amma an ɓata kayan gwamnati, an tsayar da aikin lamba kwana huɗu, shi kuwa ba zai koma hannu wofi ba. Lokotoro ya roƙe shi, mai gari ya sa baki, a ƙarshe aka tsaya a kan ba za a kai ni kaso ba, zan yi kwana goma sha biyar ina ɗaukar tsakuwa a aikin hanyar Damagaram, kuma a ranar za mu tafi. Na shiga na sallami matata tana kuka, na fito da 'yar butata.

Mahaifina ya raka mu har bayan gari, yana tafe a bayan dokin gardi. Da muka kai inda gonaki suka fara sai ya tsaya. Ya ce, "Tun ranar da ka ɗinka na gani. Ɗinkin ba shi da laifi. Ni ma ban san zai yi ɓarna ba, da na farke." Sannan ya dubi ƙafafuna, ya ga silifan fatar da ke ƙafata sun cinye ta dunduniya. Ya sunkuya ya cire takalmansa masu kauri, waɗanda ya ɗinka wa kansa yake zuwa Juma'a da su, ya ajiye a gabana.

"Tsakuwar hanyar nan tana da kaifi," ya ce. "Sa."

Na sa. Gardi ya ce mu tafi. Da na waiga, sai na hango shi yana komawa gari ba takalmi, dattijon da ya ɗinka wa rabin Matameye abin takawa, yana bin gefen hanya a hankali saboda ƙaya.